Ta sha Fansidar a wurin awo, amma zazzaɓi ya kama ta

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Maiɗakina tana da cikin fari na wata biyar, kuma makonni biyu da suka wuce an ba ta ƙwayoyin Fansidar uku a wurin awo, ta haɗiye a gaban ma'aikaciya. Tun shekaranjiya da daddare jikinta ya ɗau zafi, tana rawar ɗari ko da an lulluɓe ta da bargo biyu, bakinta kuma ɗaci. Hajiyarmu ta ce laulayi ne, mai kemis ya ce a ƙara mata Fansidar. Wanne ya kamata in bi?

Ungozoma:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bi ko ɗaya, ka kai ta asibiti yau a yi mata gwajin jini. Laulayi yana kawo amai da kasala, amma ba ya kawo zafin jiki da rawar ɗari. Fansidar ɗin awo kuwa na kariya ne daga maleriya, wato zazzaɓin cizon sauro, ana fara bayarwa daga mako na 13, a bar tazarar aƙalla wata ɗaya tsakanin sha da sha, kuma ana so mace ta samu sau uku ko fiye kafin ta haihu. Ba a warkar da zazzaɓin da ya riga ya tashi da shi. Idan gwaji ya nuna maleriya, a watannin da take ciki ana ba da haɗaɗɗen maganin maleriya da ake kira ACT, irin su Coartem, na kwana uku, a sha da abinci mai ɗan maiƙo, a kuma ƙarasa shi ko da ta ji sauƙi a rana ta biyu. Abin da ya sa muke tsananta wa mai cikin fari shi ne ƙwayar cutar tana taruwa a mabiyiya, ta rage jinin uwa, ta hana ɗa samun isasshen abinci, sai a haife shi bai kai kilo 2.5 ba, ko ya zo bakwaini.

Uwar 'ya'ya huɗu:
Allah ya ba ta lafiya. Ni ma a cikina na fari na ɗauka laulayi ne, ina ta shan jiƙon darbejiya, har sai da tafin hannuna ya yi fari fat aka ƙara mini jini leda biyu. Gidan sauron da aka ba ni a awo yana nan cikin ledarsa a saman sif, saboda zafi. Malam, ka ɗaura mata shi da kanka, ka tura gefensa ƙarƙashin katifa, musamman yanzu da damina ta yi nisa.

Ungozoma:
Na manta abu ɗaya. Idan ta fara jijjiga, ko ta rikice a magana, ko fitsarinta ya yi duhu, ko tana amayar da duk abin da ta sha, ko motsin ɗan ya ragu, kada a jira gari ya waye, domin wannan sai allurar artesunate, maganin maleriya mai tsanani, da kwanciya a asibiti.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Mun je, gwajin ya nuna layi biyu, wato maleriya ce, an ba ta magani, ta sha na farko da madara, na gaba kuma bayan awa takwas.