"Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu": uzuri ne ko zolaya?

Ɗan Fagge: Jama'a, a raba mana gardama. Jiya a majalisa ana hirar mashaƙon da ya addabi Kano a 2023, wani ya ce iyayen da ke ɓoye yara in masu allura sun zo ba su da laifi, ya jawo karin maganar nan. Ni kuwa na ce dariya take yi wa mai gudun. Tsumma fa aka ce!

Baba Mai Goro: Yaro, ka tsallake rabin farko. Sai da aka sare shi tukuna. A 1996, lokacin sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Asibitin Zana da ke Kano. Yara 200 aka sa a ciki, 11 suka rasu. Wanda ya ga wannan da idonsa za ka kira matsoraci?

Ɗan Fagge: Allah ya huci zuciyarka, Baba. Amma me gudun ya haifar? An dakatar da ɗigon shan-inna a Kano a 2003, sai Yulin 2004 aka dawo da shi. Cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yaman.

Bamaraɗe: Ni da "igiya" na taso ina jin ta, ba tsumma ba. Igiya kuwa cikin duhu ko malami sai ya ja da baya.

Maman Ummi: Baba, a gafarce ni, na shekara da shekaru ina bin gida-gida da akwatin sanyi na maganin rigakafi, kuma ba kasafai mata ke kawo min zancen 1996 ba. Abin da suke cewa shi ne: "Zazzaɓi ya kwantar da yaro sai mun sayi magani, rijiyarmu ta gurɓace babu mai leƙo mu, amma wannan kyauta har ɗaki, zagaye bayan zagaye?" Wannan ai ba tsoron tsumma ba ne, "ruwa ba ya tsami banza" suke nufi. Ranar da muka zo da sabulu ko gidan sauro, da kansu suke miƙo yaran.

Ɗan Fagge: To Baba, naka jikokin fa?

Baba Mai Goro: Duk an ɗiga musu, tun kafin a ce Najeriya ta rabu da cutar shan-inna a 2020. Amma sai da na ga mai unguwa ya fara da nasa.