Motar sabuwa ce, amma dillali ya ce a juye mata komai: ina neman shawara

Ɗan kasuwa daga Sabon Gari:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san mota. Bara na sayi mota sabuwa fil a wajen wani dillali a Yamai, mai ƙafa huɗu, wato wadda duk ƙafafunta huɗu ke ja, tana shan fetur, giyarta otomatik ce. Garantinta shekara 3 ko kilomita 100,000. Yanzu ta kai kilomita 20,000. Yawancin tafiyata cikin gari ne, daga gida zuwa Kasuwar Dole, sai ranakun kasuwa in leƙa Mirya ko Magarya, wani lokaci har Tanut.

Da na kai ta wajensu don juyen da aka saba, sai suka miƙo mini takarda mai tsawo. Ban da baƙin mai da filta, sun ce a wanke cikin inji da wani magani, a canja man giya, man birki, ruwan lagireto, man aksil (akwatin haƙoran da ke juya ƙafafu), man sitiyari, a kuma zuba maganin wanke hanyar fetur. Kuɗin ya haura jika ɗari uku. Na ce su yi baƙin mai da filta kawai, sauran zan yi shawara. Yaron da ke karɓar motoci ya ce mini zafin Damagaram da ƙurarta ba sa barin mai ya daɗe, kuma in na ƙi, garanti na iya faɗuwa. Maganar garantin nan ita ta tsaya mini a rai. Ba kuɗin nake ƙyashi ba in har motar na buƙata, amma ba na so in zubar da guminmu a banza. Wanne ne dole, wanne ne ba dole ba?

Tsohon direba daga Garin Malam:

Wa alaikumus salam. Alhaji, ka riƙe kuɗinka. Na yi rayuwata a kan hanyar Damagaram zuwa Agadas, baƙin mai kaɗai muka sani, shi kuwa ba ma wasa da shi. Man giya ba a taɓa shi sai giya ta yi ƙara. Sau nawa muka ga an buɗe giya lafiyayya an juye mata mai, ta dawo tana fizga. Mota sabuwa a bar ta yadda masu ita suka ƙera ta.

Ma'aikaci daga Birni:

Ni ra'ayina ya bambanta da na Baba. Su suka sayar da motar, su aka koya wa aikinta, kuma maganar zafi ba ƙarya suka yi ba, a watan Afrilu da Mayu muna wuce digiri 40 a inuwa. Mutumin da ya iya sayen sabuwar mota kada jika ɗari uku ta sa ya yi asarar giya ta miliyoyi. Ka yi duka ka huta, Alhaji.

Bakanike daga Zongo:

Sannunku da ƙoƙari. Alhaji, kafin ka bi maganar kowa, har da tawa, ka buɗe aljihun gaban motar ka ɗauko littafin kula da ita. Kamfanin da ya ƙera motar shi ya rubuta shi, dillali sayarwa kawai yake yi. Garejin dillali kuwa daga gyara yake samun wani kaso na abincinsa, don haka takardarsa takan fi littafin tsawo. Ban ce ha'inci suke yi ba, amma kowa da inda yake kallo.

A littafin za ka ga jadawali iri biyu: na tafiya mai sauƙi da na tafiya mai wahala. Abin da suke kira mai wahala shi ne hanya mai ƙura, gajerun tafiye-tafiye da inji bai gama ɗaukar zafi ba an kashe shi, barin mota a kunne tana tsaye na dogon lokaci, da ɗaukar kaya mai nauyi ko jan tirela. Ka duba rayuwarka: gida zuwa kasuwa, hazon hunturu, burjin ƙauyuka, tsayuwa da na'urar sanyi a kunne. Duk wanda ke Damagaram a jadawali na biyu yake. A nan yaron ya yi gaskiya. Inda ya wuce gona da iri shi ne da ya ɗauki zafi da ƙura ya shafa wa kowane mai a motar, alhali ba duka suke jin su iri ɗaya ba.

Baƙin mai shi ne ya fi shan wahala, don shi ke cikin wuta kullum, ƙura da ta kuɓuce wa filtar iska a cikinsa take ƙarewa, ragowar fetur da bai ƙone ba shi ma a cikinsa yake sauka. Littattafai da yawa suna rage tazarar juye zuwa rabi a tafiya mai wahala, in ta sauƙi kilomita 10,000 ce sai ta koma 5,000. Akwai kuma iyaka ta watanni, ko ba ka cika kilomitan ba. Wannan kada ka yi masa rowa. Ka kuma kula da lambar man. Sababbin injuna da yawa siririn mai suke so, irin 0W-20 ko 5W-30, saboda hanyoyin mai a cikinsu ƙanana ne. Wani zai ce maka ƙasarmu da zafi, a zuba mai kauri 20W-50 kamar na tsofaffin motoci. Kada ka yarda sai in littafin ya halatta.

Maganin wanke cikin inji kuwa, ka soke shi da biro. Injin da ke shan juye a kan kari ba shi da dattin da za a wanke a kilomita 20,000, kuma da wuya ka ga littafin kamfani ya ambace shi. Man kirki da kansa yana ɗauke da sinadarin wanki.

Ruwan lagireto na sababbin motoci mai dogon rai ne. Misali, ruwan hoda ɗin nan na Toyota, canjinsa na farko a kilomita 160,000 ne, daga nan sai duk 80,000. Naka ka duba abin da aka rubuta, amma ban ga dalilin zubar da shi yanzu ba in ba yoyo ya yi ba. Abin da ke kashe lagireto a garin nan shi ne cika shi da ruwan famfo. Yana barin farin gishiri a cikin ƙananan bututun, yana kawo tsatsa. In ya ragu, a ƙara irinsa, kada a gauraya da wani iri, kuma kada a buɗe murfin inji na da zafi.

Man sitiyari: ɗaga bonet ka nemi ƙoƙonsa. Motoci da yawa na yanzu sitiyarinsu na lantarki ne, ba su da mai sam. In taka irinsu ce, to takardar nan ta kowa ce aka buga maka, ba motarka aka duba ba. Man giya kuwa, lokacinsa bai yi ba tukuna.

Malamar lissafi daga Kara-Kara:

Alhaji, ni ban san inji ba, amma na san takarda, kuma ina riƙe da takardun motocin wurin aikinmu. Garanti yarjejeniya ce rubutacciya, maganar baki ba ta kafa ta, ba ta kuma rushe ta. Sharaɗinta a cikin littafin garanti yake, kuma abin da aka saba nema shi ne a yi hidimar da kamfanin ya tsara, a kan lokaci, da man da ya dace. Ka kira su cikin mutunci ka ce su nuna maka shafin da ya wajabta kowane abu da ke takardarsu a kilomita 20,000. Wanda suka nuna, ka biya ba gardama. Wanda ba su nuna ba, ka roƙe su su rubuta maka cewa ƙin yin sa zai soke garanti, su sa hannu da hatimi.

Abin da na fi so ka bincika shi ne wurin yin hidimar. Wasu yarjejeniyoyin sun ce dole a garejin da kamfani ya amince da shi. Tsakaninmu da Yamai kusan kilomita 900 ne, zuwa da dawowa ka cinye kusan 1,800 daga cikin 5,000 ɗin da malam bakanike ya ambata. Ka tambaye su ko sun yarda a yi ƙananan juye a nan gida, ka riƙa ajiye rasit. Amsar ita ma ta zo a rubuce. Kowane rasit ya nuna kwanan wata, kilomita da sunan man.

Tsohon direba daga Garin Malam:

To ga shi nan, ɗana bakanike ya faɗi abin da na faɗa. A bar giya.

Bakanike daga Zongo:

Baba, Allah ya ƙara girma, a nan kam zan ɗan saɓa maka. Ban ce a bar ta har abada ba, na ce lokaci bai yi ba. Motocin da kuka yi aiki da su giyar hannu ce, man cikinta shafa ƙarfe kawai yake yi, yana da haƙuri. A giyar otomatik man ne ke aikin: shi ke matsa faifan da ke canja giya, shi ke ɗaukar ƙarfin inji zuwa ƙafafu, shi ke kwashe zafi. Zafi kuma shi ke tsufar da shi, kuma ba abin da ke dafa shi kamar fama da yashi da kaya a bayan mota. Abin da kuka gani na giyar da ta lalace bayan juye, yawanci giya ce da aka bari har man ya ƙone ya yi baƙi, faifan sun riga sun cinye, juyen ya zo a makare. Wani lokaci kuma man da ba nata ba aka zuba. Kowace giya da irin manta, mai bel ɗin nan da ake kira CVT ma nata daban ne gaba ɗaya, in aka zuba mata na otomatik na yau da kullum an gama da ita.

Don haka, Alhaji, a kilomita 20,000 ban ga buƙata ba. Ka nemi adadin da jadawalin tafiya mai wahala ya bayar ka rubuta shi inda ba za ka manta ba. In lokacin ya zo, ni na fi son a kwance a tsiyaye a zuba sabo, a kan a haɗa ta da injin da ke tura mai da ƙarfi. Giyoyi da yawa yanzu ba su da sandar gwada mai, ana auna shi ne da motar a daidai kan wani mizanin zafi, to wannan aikin ka kai wa mai kayan aiki, kada a yi shi a gindin bishiya.

Man birki shi ne wanda ba na so ka raina. Shi ba kilomita yake ƙirgawa ba, shekaru yake ƙirgawa, domin yana tsotsar laima daga iska. Man birki irin wanda ake kira DOT 4, sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya tafasa tun wajen 155. In ya tafasa sai ya zama tururi a cikin bututu, ka taka birki ƙafarka ta nutse. Kamfanoni da yawa suna cewa duk shekara 2. Iskarmu busasshiya ce yawancin shekara, amma damina na zuwa, kuma rai ake magana. Akwai ɗan abin gwaji mai kamar biro da ake tsomawa a ƙoƙon ya nuna yawan ruwan da ke ciki. Ka ce su gwada a gabanka. Ka tuna kuma shekarun man daga ranar ƙera motar suke farawa, mota na iya yin watanni a jirgin ruwa da filin dillali kafin ta zo hannunka.

Man aksil shi ma ka duba littafin da kyau, don akwai kamfanonin da ke son a yi masa juyen farko da wuri saboda ɓurɓushin ƙarfe na sabuntar haƙora. Ina da tambaya ɗaya: ka ratsa ruwa da ita a daminar da ta wuce?

Ɗan kasuwa daga Sabon Gari:

Allah ya saka muku da alheri, kowa da kowa. Na ɗauko littafin, ɗana ya taya ni karanta Faransancin. Sitiyarin na lantarki ne, babu ƙoƙon mai. Maganin wanke inji da na hanyar fetur ba su cikin jadawali ko ɗaya. Ruwan lagireto da man giya suna da sauran tafiya mai nisa. Man birki sun ce shekara 2, kuma da na duba tambarin da ke jikin ƙofa, motar ta kusa cika su tun daga ƙera ta, to wannan zan yi shi a zuwa na gaba. Hajiya, gobe in sha Allah zan kira su a kan maganar yin juye a nan gida, in nemi amsar a rubuce.

Malam bakanike, batun ruwa kuwa, e, na ratsa ƙorama a watan Agusta a hanyar wani ƙauye bayan Mirya. Ruwan ya kai kusan rabin taya ko ya ɗan fi. Motar ba ta nuna komai ba tun lokacin. Akwai damuwa?

Bakanike daga Zongo:

Akwai abin dubawa, Alhaji. Aksil yana da ɗan hancin shaƙar iska a samansa. In yana da zafi ya faɗa ruwan sanyi, iskar cikinsa takan tsuke ya zuƙo ruwa ta wannan hancin ko ta bakin roba, kuma ba ya yin ƙara sai haƙoran sun fara ci. Dubawar ba ta da wuya: a ɗora motar a rami, a kwance ƙusar da ake zuba mai ta wurinta, a tsoma yatsa. In man garau yake, a mayar a ɗaure. In ya yi fari-fari kamar an dama fura da nono, ruwa ya shiga, a juye shi a ranar, kada a jira tafiyar Yamai. Tun da mai ƙafa huɗu ce, a duba na gaba da na baya da ƙaramin akwatin da ke raba ƙarfi tsakaninsu. Ka tafi da littafin don a sayi mai lambar da aka rubuta, a galan rufaffe, ka karɓi rasit ka haɗa da sauran takardun kamar yadda Hajiya ta ce. Filtar iska ma ka sa a ciro ta tun da hunturu ya ƙarato, in ta toshe a sa sabuwa, kada a hura ta da iska mai ƙarfi, takardarta yagewa take yi.