Neman shawara: wuta ta lashi bakan da nake gasawa, ko zai gyaru?

Mai tambaya, daga Tudun Wada:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina sassaƙa baka da itacen dargaza wanda ya riga ya bushe, kuma da na ga ya ɗan karkace a ɓangaren sama, sai na ɗora shi a kan garwashi domin in miƙar da shi. Iska ta taso, harshen wuta ya tashi ya lashi itacen, har ya bar tabo mai tsawon yatsa kamar taƙi ɗaya sama da mariƙi. Gefen tabon ja ne, tsakiyarsa kuwa ta yi baƙi. Niyyata in shiga ayarin 'yan baka da shi a hawan Sallah, in kuma riƙa harbi da shi bayan nan. Shin akwai gyara, ko in haƙura in nemi wani itacen?

Dattijon maharbi, daga Wusasa:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin a ce maka komai, sai mun san fuskar da ta ƙone, domin baka fuska biyu gare shi kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Idan ka ja tsirkiya, bayan bakan, wato fuskar da ke kallon abin harbi, miƙewa yake yi, shi kuwa cikinsa da ke kallonka matsewa yake yi. Ciki yana jure zafi, har ma gashi mai sauƙi yakan ƙara masa tauri, amma bayan baka idan ya ƙone, jijiyoyin itacen sun mutu ke nan, kuma daga nan ne zai karye ba tare da ya yi maka sallama ba.

Mai tambaya:
Allah Ya ƙara girma, Baba. A ciki tabon yake, sai dai ya ɗan zagayo gefe guda.

Dattijon maharbi:
To, da sauƙi. Ka sami fasasshiyar kwalba ko wuƙa mai kaifi ka riƙa kankare baƙin a hankali, kana bin tsawon itacen, har sai garin da ke zubowa ya daina kama da gawayi ya koma ja. Daga nan ka danna farce a wurin; idan ya ruɓuza ko ka ga ƙananan tsagogi sun gitta itacen, ƙunar ta shiga ciki. Idan kuwa ya yi tauri sumul, ka shafe shi da man kaɗanya ka jingine shi a ɗaki na wasu kwanaki, kada ka kuskura ka ɗaura masa tsirkiya yanzu, domin wuta ta zuƙe ɗan danshin da ke cikinsa, ga kuma hunturun Zariya da ke busar da komai.

Masassaƙi, daga Sabon Gari:
Ina tare da Baba, amma akwai abin da zan ƙara. Duk abin da ka kankare daga ɓangaren sama na bakan ya rage wa wannan ɓangaren ƙarfi, saboda haka zai fi na ƙasa lanƙwasa, kuma nauyin ja zai taru a daidai tabon. Dole ne ka rage na ƙasa gwargwadon haka, sannan kada ka bar rami a wurin, ka baje kankarar sama da ƙasa yadda kaurin zai riƙa raguwa a hankali. Bakan zai ɗan rage ƙarfi, wannan kam babu makawa. Gefen da wutar ta zagayo shi ne ya fi damuna, shi ya sa nake ganin ka naɗe wurin da jiƙaƙƙiyar jijiyar saniya ko siririn ƙirgi, ka bari ya bushe ya ɗame.

Dattijon maharbi:
Naɗin yana da kyau, Malam, sai dai kada ya naɗe tukuna, domin naɗi yana ɓoye tsaga, ba ya warkar da ita. Ɗana, ka fara gwada shi da doguwar igiya, kana ja kaɗan kaɗan, ka kawar da fuskarka, ka kuma kasa kunne. Idan ka ji ƙas, ko da sau ɗaya ne, wannan bakan na ado ne, ka fita hawa da shi amma kada ka sa masa kibiya. Idan ya yi shiru har ka kai cikakken ja, sai ka naɗe.

Mai tambaya:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Zan kankare yau, in aiko muku da hoton wurin kafin in shafa man.