Neman shawara: in sayi kyamara don hoton tsuntsaye da namun daji, ko dai ɓata lokaci nake yi?

Mai tambaya, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗan kasuwa ne, kullum ina shago daga safe har magariba. Tun daminar bara na tsiri fita bayan gari ranar Lahadi da sassafe ina ɗaukar hoton tsuntsaye da itatuwa da wayata. Wallahi duk ranar da na fita sai in dawo zuciyata wasai, har barci na fi yi. To amma yayana ya ce aikin banza ne, abokai kuma tambayarsu ɗaya: nawa ake biyanka? Yanzu na ɗan tara kuɗi ina son sayen kyamara ta hannu. Waɗanda suka daɗe a harkar, don Allah me kuka samu a cikinta in ba kuɗi ba? Kuma ina ya kamata in fara zuwa?

Wani dattijo, Bauchi:
Wa alaikumus salam ɗana. Abin da kake ji in ka dawo gida, ai shi ne ribar, kada ka raina shi. Ni na yi ritaya da hawan jini da saurin fushi, kuma zaman jiran dabba ne ya koya mini yin shiru. Ba ka isa ka ce wa giwa ta fito ba. Za ka zauna ne kawai, ka kashe ƙarar waya, ka bar motsi, tun kana ƙosawa har kunnenka ya fara rarrabe kukan kurciya da na hasbiya. Sau da yawa in dawo ba hoton kirki ko ɗaya, amma ban taɓa jin na yi asarar ranar ba. Kallon halittar Allah da natsuwa tafakkuri ne.

In ka samu hali ka zo Yankari, a ƙaramar hukumar Alƙaleri. Tun 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe wa baƙi a 1962, amma akwai 'yan Bauchi da yawa da ba su taɓa leƙawa ba, abin yana ba ni takaici. Ka zo da rani, tsakanin Fabrairu da Afrilu: ciyawa ta bushe, ruwa ya janye, dabbobi suna taruwa a bakin kogin Gaji. Gwanki, ɓauna, gwambaza, gadu, in da rabo har giwa. Da damina daji ya rufe, sai dai ka ɗauki ganye. Kada ka sauka daga mota sai jagora ya ce, kuma a masaukin Wikki ka riƙe jakarka da kyau, don birai na fizge duk abin da suka ga kamar abinci ne.

Wani memba, Zariya:
Baba ya gama magana ta wajen zuciya, bari in taɓa ta aljihu. Waya ta isa ga faɗuwar rana, gajimare, furanni da ƙwari. Tsuntsu kam ba ta isa ba, da ka jawo shi da yatsa hoton ya dagule. In za ka saya, ka fi sa kuɗinka a kan gilashin jawo nesa, aƙalla mai milimita 300, ko da jikin kyamarar tsoho ne. Tsuntsu mai tashi yana son saurin ɗauka kamar 1/1000 na daƙiƙa, kuma a idonsa za ka saita. Lokacin hunturu kada ka cire gilashi a fili, ƙura ta shiga sai gyara. Amma malam, kada ka taɓa jarin shago, kada ka ci bashi.

Wani memba, Gashuwa:
Yallaɓai in tsuntsu kake so, taho wajenmu. Fadamar Haɗejiya da Nguru, musamman tafkin Dagona a ƙasar Bade, daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana karɓar tsuntsayen da suka tsallako Sahara daga Turai suna gudun sanyi, su haɗu da namu na gida irin su dinya, kirinjijiya da zalɓe. Ka fito bayan sallar asuba, kafin ƙarfe tara haske yana da taushi, tsuntsaye kuma suna kiwo. Bar farar shadda a gida, ka sa kaya masu kalar ƙasa.

Ni abin da na samu shi ne sanin garinmu. A nan aka haife ni, amma sai da na fara hoto na zauna da masunta da makiyaya, ina nuna musu abin da na ɗauka suna faɗa mini sunansa da lokacin zuwansa. Akwai tsofaffin da ba su taɓa shiga aji ba, amma in ka nuna musu hoton tsuntsu za su gaya maka inda yake sheƙa da abin da yake ci. Su ne malamaina har gobe.

Wata 'yar uwa, Jos:
Ɗan'uwa ka tambayi yayanka cikin ladabi, yaushe rabon da ya ga ungulu a kwata? Muna yara cike suke a kasuwa, yanzu sun yi wuya, har a 2015 aka sa irin wadda muka saba gani a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Hoton da ka ɗauka ka rubuta rana da wuri shaida ce. Cibiyar binciken tsuntsaye da ke dajin Amurum a nan kusa da Jos tana tattara bayanan inda ake ganin kowane tsuntsu a Najeriya, kuma masu sha'awa irinka ne suke taimakawa. Manhajar Merlin za ta taimake ka gane iri. Ni da yarana nake fita, ƙaramar ce ma take fara hango shamuwa in damina ta kusa.

Wani memba, Maraɗi:
Mu a Nijar akwai raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. A 1996 saura 49 kacal, yanzu sun haura 600, suna kiwo kusa da gonakin mutane. Sai dai kowa ya san harin da aka kai can a Agustan 2020. Don haka ko ina za ka, can ko nan, ka fara tambayar mutanen wurin halin tsaro. In ka shiga ƙauye ka gaida mai gari ka faɗi abin da ya kawo ka. Kada ka ɗaga kyamara wajen jami'an tsaro, ko mata a bakin rafi.

Wani memba, Katsina:
Ni dai ina ganin yayanka yana da tasa hujjar. Lahadi ce kaɗai ranar da iyalinka suke ganinka. In za ka yi, ka dawo kafin hantsi, ko ka tafi da su wani lokaci. Kuma kada kwaɗayin hoto ya sa ka taɓa sheƙa ko ka kori uwa daga kan ƙwai.

Mai tambaya, Kano:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan sayi ta hannun da rarar da na tara, jari kuma yana nan. Dagona zan fara zuwa in hunturu ya shigo. Baba na Bauchi, Yankari ana iya zuwa da yara?

Dattijo, Bauchi:
Sosai ma ɗana. Akwai ɗakunan kwana, kuma ruwan Wikki ɗumi ne, wajen digiri 31 rani da damina, za su yi wanka su more. Ka taho da yayan naka ma, ka ba shi kyamarar ya riƙe.