Neman shawara: Na fara rubuta addu'o'ina, amma littafin yana komawa na ƙorafi

Maman Alheri, Sabon Gari:

Salama gare ku iyayena da 'yan'uwana cikin Almasihu. Don Allah shawara nake nema.

Ni matar aure ce, ɗinki nake yi, muna zaune a gidan haya ɗaki biyu da maigidana da yaranmu da ƙanwarsa da ke karatu a harabar ABU ta Kongo, nan Zariya. A taron zumuntar mata na ƙarshen shekara aka koyar da mu cewa yana da kyau mai bi ya sami littafi guda inda zai riƙa rubuta ayar da ya karanta, da abin da ya roƙa, da yadda Ubangiji ya amsa. Koyarwar ta shige ni, domin ni da zarar na durƙusa sai hankalina ya tafi kan kuɗin makaranta ko ɗinkin da ban gama ba. Na sayi littafi mai bango na fara, kuma gaskiya in ina rubutu hankalina yakan tsaya wuri guda.

Amma da na koma baya na karanta, gabana ya faɗi. Yawancinsa ƙorafi ne: abin da wance ta faɗa mini, abin da dangin miji suka yi, ranar da maigida ya yi mini tsawa a gaban yara. Har akwai shafin da na rubuta wa Allah cewa ya yi shiru ya bar ni tun da mahaifiyata ta rasu bara.

Shin ba zunubi ba ne mutum ya rubuta wa Allah irin wannan magana? Sannan yaya zan yi da tsoron kada wani ya buɗe littafin? Yanzu a ƙarƙashin atamfofin mutane nake ɓoye shi a shago, zuciyata kuma tana ce mini matar aure ba ta ɓoye wa mijinta abu. Wata ƙawata ma ta ce wannan al'adar Turawa ce, in rubutun zan yi in yi da Turanci, ni kuwa Turancina ba ya kai inda nake so. In ci gaba ko in ƙona shi?

Baba Dattijo, Wusasa:

'Yata, sannu da rashi, Ubangiji ya ta'azantar da ke. Kada ki ƙona komai tukuna.

Ki buɗe Zabura 13. Sau huɗu Dawuda ya tambayi Allah "har yaushe" cikin ayoyi biyu na farko. Ki je Zabura 142, wadda ya yi yana cikin kogo, da bakinsa ya ce yana zuba kukansa a gaban Ubangiji. Zabura 88 ma ba ta ƙare da yabo ba, cikin duhu ta ƙare. Ruhun Allah bai share waɗannan ba, ya bar mana su muna karantawa a sujada. Wanda ya ce wa Allah "ka yi shiru" da Allah yake magana har yanzu. Wanda nake ji wa tsoro shi ne wanda ya daina maganar gaba ɗaya, yana zuwa majami'a yana rera waƙa zuciyarsa kuwa a kulle.

Ƙawarki kuma ki gaya mata ta duba Littafin Ƙidaya 33:2. Musa ya rubuta zangon da Isra'ilawa suka yi ɗaya bayan ɗaya, bisa ga umarnin Ubangiji. A cikin jerin akwai Elim mai maɓuɓɓugai goma sha biyu, akwai kuma Refidim inda babu ruwan sha, duka ya rubuta. A ƙasar nan ma, Samuel Ajayi Crowther ya riƙa rubuta abin da ya gani kowace rana a tafiyar kogin Neja ta 1841, tun kafin ya zama bishop a 1864, kuma daga irin rubutun nan nasa muka san abubuwa da yawa game da farkon bishara a ƙasarmu.

Batun harshe kuwa, mu a Wusasa abin yana taɓa mu. Likita Miller, Baturen mishan, ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, mishan ta dawo Wusasa a 1929, shi da Hausawan da suka yi aiki tare suka sha wahalar shekaru har Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932. Sun yi haka ne don ki ji Allah da harshenki. Don me za ki amsa masa da harshen aro? Ki rubuta da harshen da kike kuka da shi.

Fasto, Tudun Wada:

Na yarda da Baba, amma Maman Alheri, abu biyu ne a littafinki kuma ba ɗaya suke ba. Shafin da kika yi wa Allah kuka kan mahaifiyarki addu'a ce, ki bar shi yadda yake. Shafukan da kika jera laifin dangin miji da ranakunsu, su ne nake so ki duba da kyau. 1 Korintiyawa 13:5 ta ce ƙauna ba ta riƙo. Abin da aka yi miki da baki, da kin bar shi wataƙila ya dushe cikin mako guda. Amma da kika sa shi a takarda da kwanan wata, duk ranar da kika buɗe sabo yake. Na zauna sulhu tsakanin ma'aurata inda ɗaya ya fito da littafi yana karanto abin da ya faru shekarun baya, zaman nan bai yi daɗi ba ko kaɗan.

Ba cewa nake ki yi kamar ba a ɓata miki ba. Ki juya alƙalamin ya fuskanci zuciyarki. Maimakon ki cika shafi da abin da wance ta ce, ki rubuta: "Ya Uba, yau an faɗa mini magana ta ƙona ni, na ji ina so in rama, ka san wadda nake nufi, ka taimake ni." Allah ya san sunan, ba sai kin sa ba. Da haka kin faɗi gaskiya, kuma ko wani ya tsinci littafin ba zai sami abin tada husuma ba. In abin ya isa a yi magana, Matiyu 18:15 ta ce ki je wurin mutumin, ke da shi kaɗai. Takarda ba za ta yi miki wannan tafiyar ba.

Wani abu kuma da ban ga kin tambaya ba amma zai zo. Masu irin wannan rubutu sukan fara sa "Ubangiji ya ce mini" a kan duk tunanin da ya faɗo musu. Ki yi hattara. Ki rubuta ayar daban, abin da kike ji daban, ki ce "ina ganin kamar Ubangiji yana nuna mini kaza." Sai ki gwada shi da Maganar Allah kamar yadda mutanen Biriya suka yi a Ayyukan Manzanni 17:11, in babban abu ne ki kai wa wanda ya girme ki cikin bangaskiya. Littafinki ba Littafi Mai Tsarki ba ne, yana iya yin kuskure.

Ɗalibi, Samaru:

Anti, batun ɓoyo mai sauƙi ne. Ki riƙa rubutawa a waya ki sa mata lambar sirri, mu da yawa a FCS, ƙungiyar ɗalibai Kirista, haka muke yi. Kuma ɓoye irin wannan rubutu ba sabon abu ba ne. John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar Methodist, yana da littafin da ya buga don jama'a, inda ya ba da labarin daren 24 ga Mayu 1738 a Landan da ya ji zuciyarsa ta ɗumama, amma yana da wani ƙarami na kansa da yake rubutawa da alamomin da ba kowa ke iya karantawa ba.

Malama, Palladan:

Ƙanena, waya tana da nata. Kana buɗewa don addu'a saƙon WhatsApp ya shigo, shi ke nan. Ga sata, ga lalacewa, ga yara da suka fi uwarsu sanin lambar. Ita da ta ce hankalinta ne ke gudu, takarda ta fi mata.

Maman Alheri, ni 'yar Katolika ce, bari in ba ki abin da muka gada daga Ignatius na Loyola, wanda ya kafa ƙungiyar Jesuit, ya rasu a 1556. Da dare kafin ki kwanta, ki fara da godiya, ko da abu ɗaya ne tak: an biya ki kuɗin ɗinki, zazzaɓin yaro ya sauka. Sai ki roƙi haske ki bi ranar tun daga safe, ina kika ji kusa da Allah, ina kika yi nisa. Ki nemi gafara inda ya kamata, ki roƙi alheri don gobe. Minti goma ya isa, layi biyar ko shida. Dalilin fara da godiya shi ne, in kika fara da ɓacin rai shi zai cinye shafin.

Ke tela ce, kin san amfanin littafin awo ba a ranar da aka rubuta yake ba, sai ranar da aka dawo aka buɗe. Haka wannan. Ki bar fili a gefen kowane roƙo, ƙarshen wata ki koma ki sa kwanan watan amsa inda aka amsa. Waɗanda ba a amsa ba ki bar filinsu fari, kada ki ƙirƙira musu amsa don ki faranta wa kanki.

Baban Yohanna, Jushi:

A matsayina na magidanci, in na tsinci littafin da matata ke ɓoyewa a shago, zuciyata za ta kawo abubuwa da yawa kafin in buɗe. Amma in ta ce mini "wannan na addu'ata ne, tsakanina da Allah, don Allah kada a taɓa," wallahi ba zan taɓa ba, ni ne ma zan hana yara. Ɓoyon ne ke kawo zargi.

Mama Uwar Zumunta, Sabon Gari:

Baban Yohanna, ba kowane namiji ba ne kai. Ita ta san mijinta, ita za ta auna. Amma ni ma ina goyon bayan ta gaya masa akwai littafin. Sanin akwai shi daban, karanta shi daban. Ubangijinmu da kansa ya ce ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa ka yi addu'a ga Ubanka a ɓoye, Matiyu 6:6. Aure bai soke wannan ayar ba.

Sai dai duk kun tsaya kan littafi, ni kuwa yarinyar nake kallo. 'Yata, kin ce bara mamanki ta rasu. Ina tambayarki, tun daga lokacin wa kike kai wa kukanki? Ina jin a da, in an ɓata miki a gidan miji, ita kike kira, ta saurare ki, ta ce yi haƙuri, abin ya wuce. Yanzu babu ita, sai takarda ta zama mai sauraro. Shi ya sa ƙorafin ya taru, ba don ke muguwa ba ce. Na yi takaba, na san yadda shekarar farko take, mutane suna gama ta'aziyya cikin mako biyu kowa ya kama gabansa, kai kuwa a lokacin ne ma abin ke fara cin ka.

Ki ci gaba da rubutu, yana da kyau ƙwarai. Amma takarda ba ta rungumar mutum, ba ta kuma ce masa "a nan ke ce ba ki kyauta ba." Hannatu ta zuba zuciyarta a gaban Ubangiji, duk da haka sai da Eli firist ya ce mata ki sauka lafiya sannan ta ci abinci fuskarta ta sake. Ki nemi mace guda mai riƙon amana da za ki riƙa zama da ita kuna addu'a. Kuma ki keɓe wasu shafuka ki rubuta abin da kike tunawa na mamanki: waƙar da take so a Littafin Waƙoƙi, ayar da take yawan faɗa, yadda take addu'a a kanku. Wannan yaranki za su so su karanta wata rana.

Maman Alheri, Sabon Gari:

Mama, kin faɗi abin da ni kaina ban gane ba, da hawaye na karanta. Na gode Baba, na gode Fasto, na gode muku duka. Zan gaya wa maigida. To shafukan da na riga na sa sunayen mutane fa, in yage su?

Fasto, Tudun Wada:

Ki karanta su sau ɗaya a gaban Ubangiji, ki yi wa kowane mai suna addu'a. In akwai wanda har yanzu kike bukatar ki yi magana da shi, ki rubuta sunansa a wata takarda daban don ki je. Sauran ki yage ki ƙona, kada ki jefa a kwandon shara na shago. Shafin mamanki kuwa kada ki taɓa shi.

Mama Uwar Zumunta, Sabon Gari:

Ki turo mini saƙo ta gefe, 'yata. Ranar Alhamis bayan zumunta ina gida, ki zo mu zauna, ba sai kin kawo littafin ba.