Gansakuka ta hana karfasata numfashi da asuba

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwon kifi. Ina da kududdufin karfasa, wadda a nan Sudan ake kira bulti, kusa da Maiurno, ina jawo masa ruwa daga Kogin Nilu. Tun da zafi ya shigo ruwan ya yi kore shar, ya yi kauri, in na tsoma hannu zuwa gwiwar hannu ba na ganin tafina. Da rana kifin lafiya ƙalau. Amma da asuba sai su taso sama suna buɗe baki suna haɗiyar iska, manyan ne ke fara mutuwa.

Na san gansakuka na fitar da iskar shaƙa da rana, da dare kuma ta shanye ta. Na daina zuba kashin kaji, na rage abinci, na sauya ruwa, ba a jima ba koren ya dawo. Wani ya ce in zuba maganin kashe ta, ni kuwa ina tsoron in ta mutu gaba ɗaya ruɓewarta ta ƙarasa cinye iskar. Wutar kunna injin hura iska cikin ruwan babu, man janareto ya yi tsada.

Don Allah, yaya zan rage ta sannu a hankali? Kuma ta yaya ake gane mai dafi?