Soyayyar hanta a gasar ces ta Asabar

Na Kusugu:
Jama'a jiya na shigo Katsina gasar ces (darar Turawa, su e4 da f7 sunayen gidajen allon ne), zagaye na 3 aka haɗa ni da mutumina Ɗan Gobarau, ni da fararen 'ya'ya shi da baƙaƙe, bari in rigaye shi kafin ya zo ya canza labari 😂

Na tura soja e4 na fara,
Ka ba ni e5 kana gadara,
Doki f3, bishof c4 na tsara,
Dokina ya haura g5 yana ƙara,
f7 ya hango, ashe ɗakin kara!

Ɗan Gobarau:
Kai Badauri sassauta mana haba

Na tare da d5, ka ci, ban damu ba,
Dokin c6 na nufa, hannu bai bi ba,
Na taɓa na f6, alƙali bai ƙyale ba,
Wanda ka taɓa shi za ka tura, ba roƙo ba,
Sai na ci d5, ba don ban sani ba.

Na Kusugu:
Hhhh wai hannu bai bi ba

Doki na jefa f7, na ba ka kyauta,
Sarkinka ya lamushe bai ko tambaya ta,
Sarauniya daga f3 ta buga ƙararta,
Ya fito e6 ba laima, rana na gasa fata,
'Yan Italiya ke ce wa wannan harin soyayyar hanta,
Ni dai yaji na barbaɗa na ci abata.

Baba Mai Agogo:
Yaran nan kun cika mu da surutu, ina tsaye bayanku fa har aka tashi, kai Ɗan Gobarau saurara

Da dokin c6 ka kai a5 ɗana,
Bishof ya ja baya, ka huta da ƙuna,
Soja guda za ka rasa, amma fili naka na,
Kai kuma Na Kusugu daina murna,
Bayan doki c3 sai da ka yi ta zufa a idona,
Minti 2 ya rage maka, agogo na hannuna.

Ɗan Gobarau:
Allah ya ƙara girma Baba, ka fasa ƙwai

Wata mai zuwa har Daura zan bi,
Ka tura e4 in ba ka c5, sabon babi,
Salon tsaron Sisiliya ke nan, ba hanta ba romo a ciki Alhaji,
Ka dama fura da nono, kofi biyu ka aje.

Na Kusugu:
Furar dai akwai, amma ka zo da hannun da ke bi.